Bidiyon da Ya Fi Kowanne Nauyi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da 'yata Kurciya. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ni dai lafiya lau nake, in ban da mura da ta kama ni makon jiya, da ta ga ba ni da lokacinta ta sake ni.

Kin ce mu koma rubutu tunda kiranmu ba ya zuwa ko'ina, ke kina "Auta, kina ji na?" ni ina "Yaya, kina ji na?" har data ta ƙare. To ga ni, kuma da ƙara na zo.

Kwamfutata ta cika. Kin san zanen tashar motar nan da zan kammala karatu da shi. Jiya na wuni a kan rufinta, na zo ajiyewa sai kwamfuta ta ce babu wuri. Kafin in yi wata dabara ta sanƙare, aikin wunin nan ya bi ruwa. Na zauna na ci kukana kamar wadda aka yi wa mutuwa, sannan na tashi neman ɓarawon. Kin san wa na kama? Jakar nan da na buɗe mana a intanet kafin in taho, wadda muka sa wa suna Kurciya. Duk abin da kika jefa ciki daga kwamfutar shagonki, sai ya hau can ya sauko cikin tawa ya yi zaman dirshan. Yaya, bidiyon awa guda! Ke ɗinki kika koya ko shirya fim? Wani ma da na leƙa farkonsa, ƙafar keken ɗinki kawai nake gani da bayan kan yarinya.

Ba cewa na yi ki daina ba. Ina dai gaya miki halin da ake ciki.

Sai wani abu da ya tsaya mini a rai. Ran nan da muka samu kiran ya shiga, na yi ta kiran sunan Kurciya, ko ta ɗago ta dube ni. Tana can tana ta wasa da kwarkwaron zare. Na san yaro wanda ya gani shi ya sani, amma ina cewa ko fuska ta ɓace mata, murya ba za ta ɓace ba. Kina dai kunna mata saƙonnin muryar da nake sa miki a jakar ko? Duk safiya kafin in fita nake yi mata ɗaya.

Ki gaida Inna. Ki ce wa Baban Kurciya in ya sauka daga hanya ya neme ni.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, har ta soma yi mini faɗa a kan shara, kin ga kuwa lafiya ta samu. Allah ya ƙara sauƙin murar. Mijinki ya zo ya kwana biyu ya koma, ya ce tankarsu ce ta lalace a hanya shi ya sa kika ji shi shiru.

Na ji ƙararki. Ban san bidiyo ma yana da awo kamar yadi ba. Ni dai ina jingina wayar ne da gwangwanin maɓallai in ci gaba da aikina, in na tuna in kashe. Da yamma in zuba a jakar kamar yadda kika koya mini, in ga 'yar alamar nan tana juyawa, in ta tsaya ta zama kore in ce to, ya isa wurin uwarta. Ashe kaya nake jibga miki. Allah ya mayar miki da rufin tasharki.

Muryarki kuwa kullum sai na kunna mata, bayan na yi mata wanka. Karɓe wayar take yi ta manna a kumatunta, ta yi tsit har ya ƙare. In na karɓa ta yi ta miƙo hannu. Haka take yi wa keken ɗinki ma, in ina taka shi sai ta zo ta kwantar da fuskarta a jikin katakon, in kore ta ta dawo.

Ta kusa shekara biyu yanzu, har yau ba ta ce Mama ba, ba ta ce Inna ba. Gurnanin nan ma da take yi tana jaririya, wanda ya sa muka laƙaba mata Kurciya, ya ragu tun zazzaɓin nan mai zafi da ta yi bayan tafiyarki. Inna ta ce ke ma haka kika yi nauyin baki, ga shi yanzu ba mai iya tare ki. Ubanta ya ce taurin kai ne, kuma ya san inda ta gado shi.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Akwai wanda na ɗauka ranar da matar mai kantin magani ta zo gwajin rigarta. Ki zauna ki kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ki ƙara sauti, kada ki yi ta tsallake irin naki. In kin gama ki gaya mini abin da kika gani.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ni ma na warke sarai, sai dai barci da ya yi mini ƙaranci, saboda an matso mana da ranar gabatar da aiki.

Na ga bidiyon. Ta yi wayo, ta yi kumatu, tubarkalla. Rigar ma ta yi wa matar kyau, hannunki dai ba ya tsufa.

Kin san saura ƙiris in yi ɓarna? Shekaranjiya kwamfutar ta sake ƙin ajiye mini aiki, raina ya ɓaci, na zaɓi tsofaffin bidiyon nan gaba ɗaya zan goge. A tunanina ai naki suna nan a shago. Allah ya sa 'yar ɗakinmu tana tsaye a kaina tana taje gashi, ta riƙe mini hannu. Ta ce jakar ba kwafi biyu ba ce, abu ɗaya ne mai ƙofa biyu, in na goge a nan ya gogu a wurinki ma. Ta ce akwai hanyar da ake sauke nauyin ba tare da an goge ba, za ta nuna mini in ta dawo daga gida. Kafin nan na kwashe wasu tsofaffin zane-zanena na zuba a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ina ta lallaɓawa.

Don Allah Yaya, ki riƙa taƙaitawa. Minti biyu ma ya isa in ga fuskarta. Ba sai na ga kowace mai kawo ɗinki da cinikin da kuka yi ba.

Batun magana kuma, kada ki damu kanki. Wa za ta kira? Duk abin da take so kina ba ta kafin ta nema. Ke ce uwarta yanzu, ni baƙuwa ce da ke fitowa a waya. Manna wayar da take yi a kumatu, ina jin sanyin gilashin take so.

Ki yi mini addu'a.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, Inna na gaishe ki.

Matar mai kantin magani ba ta gwada rigar ba ranar nan. Ta bar ta a kan benci ta tafi, sai washegari ta dawo.

Na daina zuba komai a jakar, kwamfutarki ta huta. Kuma ban karɓi 'yarki don in zama uwarta ba. Ke kika ɗora mini ita a cinya kina kuka, kika ce Yaya ki zama idona. Na yi iya yina.

Allah ya ba da sa'ar gabatarwa.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Na san na yi shiru. Na fara rubuto miki amsa ya fi a ƙirga ina gogewa, don duk wadda na rubuta sai ta fito da faɗa a ciki, kuma na san ba ni da gaskiya. Kullum in na buɗe kwamfuta sai na dubi 'yar alamar nan ko za ta juya. Ba ta juya ba. Wurin da nake ta kuka a kansa ya daina raguwa, ni kuma na rasa abin da ke mini daɗi.

Yau ba mu da aji. 'Yar ɗakinmu ta dawo, ta zaunar da ni ta nuna mini abin. Ashe ba wuya. Za ki danna kan fayil ta hannun dama, ki zaɓi a sauke shi daga kwamfutar, sai koriyar alamar nan ta koma hoton ɗan girgije. Sunansa yana nan a jakar, shi kansa yana can a ajiye a intanet, ranar da kike so ki danna ya sake saukowa. Ta ce kada in wahalar da kaina da ƙanana, in jera su bisa nauyi in fara da manyan. Na jera. Wanda ya hau sama, ya fi kowanne nauyi, shi ne na ranar matar mai kantin magani.

Na ɗora hannu zan mayar da shi girgije, sai na ji kunyarki ta kama ni. Na ce bari dai in ga abin da ya hana matar nan gwada riga.

Yaya, na kalla. Da sauti, ban tsallake ba.

Na ga shagonki, na ga labulen da kika canza. Kurciya na zaune a tabarma ta ba ƙofa baya, tana jera guntayen ƙyalle. Kuna ta hira ke da matar a kan wuyan riga. Can sai magen maƙwabta ta yi tsalle ta hau kantar shagon, ta turo farantin ƙarfen nan da kike zuba almakasai da kwarkwaro. Ni da nake nan, da abin ji a kunne, sai da na zabura na buge gwiwa da tebur. Matar ta yi salati ta dafe ƙirji. Magen ta fita a guje. Inna ta ɗaga murya daga cikin gida tana tambayar me ya fashe. Farantin a bayan Kurciya ya faɗi, Yaya, bai fi taku biyu ba. Ko gezau. Ta ɗauki jan ƙyalle ta ɗora a kan shuɗi.

Sai na ga kin daina magana. Na ga kin zagaya bayanta kin tafa hannu. Kin sake tafawa. Kin kira sunanta, kin kira da ƙarfi. Sai da inuwarki ta faɗo kan tabarmar sannan ta juyo ta yi miki dariya. Matar ta ajiye rigar a benci ta fita ba sallama. Ke kuma kika zo kika tsaya gaban wayar, kina kallona, sannan kika kashe.

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har la'asar. A wani kina buga cokali a kofi ta bayanta. A wani an kunna janareta kowa ya waiwaya ban da ita. Ashe ba mantuwa kike yi ki bar waya a kunne ba.

Yaya, Kurciya ba ta ji. Na rubuta, tunda ke kin kasa.

Ban kalli bidiyon nan a baya ba don tsoro nake ji. Duk wanda na buɗe sai in ga yarinyar da ba ta neme ni ba, in rufe. Na yi fushi da 'yar da ba ta kai shekara biyu ba, wai ta share ni. Ina ta kiranta a waya, ina ta yi mata waƙa duk safiya, ashe ko ɗaya bai shiga ba. Zuciyata ta karye, Yaya, ban san inda zan sa kaina ba.

Ki yafe mini maganar da na faɗa miki. Ki gaya mini me za mu yi. In dawowa ce, gobe zan nemi mota.

Auta

*

Autata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ita ma tana nan tana ta ɓarnar zare. Na karanta wasiƙarki a shago, na rufe ƙofa da rana tsaka, har mai gugan da ke kusa da mu ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Ba abin yafewa. Ni ma da na buɗe baki tun farko da ba mu kai nan ba. Amma ki duba matsayina. Lafiya lau kika ba ni ita, tana juyowa in an kira ta. A hannuna ta yi zazzaɓin. Na kai ta asibiti, an yi allura, ta tashi, na ce alhamdu lillahi. Da na fara lura, na taɓa wa Inna zancen, ta ce in tofar da yawu, kada in yi wa jikarta mugun baki. Na taɓa wa ubanta, ya tafa hannu a gabanta ta ƙyafta ido, ya ce kin gani. Sai na fara zargin kaina, ko ni ce nake ƙirƙira. Kuma ta yaya zan rubuta wa uwa tana tsakiyar karatu cewa ina jin 'yarki ta kurumce, alhali ban tabbata ba? Na ce bari in nuna miki, idon uwa ba ya kuskure. In kin ce ba komai, in kwanta in yi barci. In kin ga abin da na gani, mun zama mu biyu. Kukan kurciya jawabi ne, in ji masu magana, sai dai ban yi tunanin mai sauraren za ta ce a taƙaita ba.

Kada ki nemi wata mota. Ki dawo ki yi me, ki zauna muna kallon juna muna kuka? Saura kaɗan ki gama, kuma wannan yarinya za ta bukaci uwa mai aiki a hannu. Na nuna wa Inna bidiyon da kaina. Ta kalla, ta ce a sake, ta sake kalla, sannan ta tashi ta ɗauko mayafinta ta ce wane asibiti ne. Na kira Baban Kurciya, wannan karon bai yi gardama ba, yana hanya. Matar mai kantin magani ma ta dawo, ashe ƙaninta haka ya tashi, abin da ya fitar da ita ranar nan ke nan. Ita ta gaya mana sashen da ake gwajin kunnen yara, an ba mu rana mako mai zuwa.

Sannan ki cire wa ranki batun wai muryarki ba ta shiga. Na gwada, na kunna na ɗora wayar a kumatuna. Motsi take yi, zirr, zirr, daidai da maganarki. In kina waƙa motsin daban ne, ya fi tsawo. Na kunna mata muryar wani mai wa'azi don in gani, ta ɗora kaɗan ta yar. Taki ce take riƙewa har ƙarshe. Ban san me likita zai ce a kan wannan ba, ni dai abin da na gani ke nan.

Ki ci abinci. Na san ki.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ci abinci, kada ki aiko Inna.

Na yi gabatarwar. Sun ce rufin ya yi, sun ce in gyara wurin zaman fasinja. Ban ma tsaya jin yabon ba.

Duk bidiyon sun koma girgije, kwamfuta ta samu wuri har tana gudu. Guda ɗaya na bari da koriyar alamarsa, kin san wanne.

Akwai wata malama a ɗakin karatunmu da ɗanta kurma ne, ta fara koya mini maganar hannu. Ta ce kada mu jira sakamako, ko me likita ya ce yarinya tana bukatar hanyar da za ta faɗi abin da take so. Za ki ga na zuba sababbin abubuwa a jakar. A bakin taga nake tsayawa don haske ya bugi fuskata da hannuwana. Na farkon, ni ce nake nuna kaina ina yin alamar uwa. Na biyu ruwa, na uku zo nan. Ki buɗe mata a kwamfutar shago, ta fi girman fuska. Ki yi haƙuri, sun yi tsawo, na kasa tsayawa.

Ki rubuto da zarar kun fito daga wurin likita, ko layi ɗaya ne.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafar Inna ta ɗan tashi saboda zaman benci a asibiti, amma ta ce ko da rarrafe sai ta je.

An yi wa Kurciya gwajin tana barci, an manna mata wasu wayoyi a goshi da bayan kunne. Kunnen dama ya tafi. Na hagu akwai saura, likitar ta ce ba kaɗan ba ne, za a gwada mata na'urar ji, kuma gara da muka zo yanzu tun bakinta bai wuce lokacin koyo ba. Ubanta ya fita waje ya daɗe, ya dawo idonsa ja ya ce ƙura ce. Likitar ta ce a ci gaba da maganar hannu ko da na'urar ta zauna. Yanzu duk gidan mun zama ɗalibanki. Inna in ta zo yin alamar ruwa sai ka ce sauro take kora.

Ni ma yau da ƙara na zo. Kwamfutar shago ta cika. Jiya na zo ajiye hoton samfurin wata riga ta ce babu wuri. Ke zane kika je koya ko shirya fim? Ki rubuto mini yadda ake mayar da su girgijen nan, dalla-dalla, ki tuna da wa kike magana. Amma ban da na farkon, don a wuni ban san sau nawa Kurciya take jan zanena ta kai ni gaban kwamfutar ba, kuma ba za ta yi haƙurin jiran ya sauko ba.

Da safen nan na buɗe mata shi ina gyaran zare. Kina fitowa ta dafa gilashin da tafin hannunta. Sannan ta janye hannun, ta dube shi, ta yi abin da kike yi. Bai fita daidai ba, yatsun sun karkace, amma shi ne. Ta yi, ta nuna ki, ta juyo ta dube ni ko na gani.

Na gani, kuma wayar tana jingine da gwangwanin maɓallai. Na sa miki a jakar, alamar ta zama kore tun ɗazu. Bai kai minti biyu ba.

Yayarki